Maigadi, kulkinsa, da inda ikonsa ya tsaya

  

Yau maganar maigadi za mu yi. Mutumin nan da kake tararwa a ƙofar sito, ko bakin wayar da aka kewaye gonar wani attajiri, ko gindin dogon ƙarfen kamfanin waya a tsakiyar daji, ko ƙofar banki idan ka je ajiye kuɗin shanun da ka sayar a Mai'aduwa ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis. Wani yana da riga mai tambari da hula da takalmi sau-ciki, wani kuwa bargo ne kawai da cocila da gora. Kullum kana gamuwa da shi, amma in aka tambaye ka me doka ta ba shi a kanka, me kuma ta hana shi, da wuya ka iya faɗa. Shi ma kansa sau da yawa bai sani ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona, don har yau yana damuna. Shekarun baya, a wani gari na bakin iyaka, na bi ta gaban wani sito da hantsi, sai na ga yaro, bai wuce shekara goma sha uku ba, an ɗaure shi da igiya a jikin dogon-yaro, hannuwa ta baya. Na tambaya, aka ce ɓarawo ne, buhun shinkafa ya fashe wajen sauke kaya, ya tsuguna yana kwasa a riga. Na ce Allah ya shirya, na wuce. Da na dawo bayan la'asar yana nan, inuwa ta riga ta gusa ta bar shi, leɓɓansa sun bushe, yatsunsa sun kumbura. Maigadin yana zaune kan benci yana shan shayi, hankalinsa kwance, don a ganinsa aikinsa ya yi. Ni ma da na wuce da safe haka na ɗauka. Sai daga baya na gane cewa laifin da aka yi wa yaron nan ya fi wanda ya yi nesa ba kusa ba, kuma da an je gaban alƙali, mai igiyar ne ya fi kusa da kaso.

To, da farko mu rarrabe mutane uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai jami'in hukuma, wato ɗan sanda, jandarma, soja, ɗan duwan ko kwastan. Wannan gwamnati ce ta ɗauke shi, doka ta ba shi ikon tsayar da kai a hanya, ya nemi takardu, ya yi bincike. Akwai ɗan banga ko ɗan sa-kai, wanda unguwa ko gari suka tsayar. Sannan akwai maigadi, wanda wani mutum ko wani kamfani yake biya don ya tsare masa wuri. Abin da nake so ka riƙe shi ne, maigadi a gaban doka talaka ne kamarka. Rigar da ya sa ba ta ƙara masa ikon da kai ba ka da shi. Abin da ya fi ka da shi ɗaya ne: mai wurin ya wakilta shi, saboda haka a cikin wannan wurin yana iya cewa shiga ko kar ka shiga, fita ko dakata a ƙofa. Da zarar an taka hanyar gwamnati, ko burtali, ko mashayar jama'a, ikon nan ya ƙare.

A Najeriya akwai doka tun 1986 a kan kamfanonin gadi. Ta ce kamfani ba zai yi aikin ba sai da lasisi, kuma yanzu hukumar Sibil Difens ce ke sa musu ido. Dokar ta hana maigadin kamfani riƙe bindiga a bakin aiki, ta kuma hana su ɗinka riga mai kama da ta ƴan sanda ko ta soja. Idan ka ga mai bindiga a ƙofar banki a Katsina ko Sakkwato, galibi ɗan sanda ne aka turo, shi kuwa mai buɗe ƙofa daban yake. Kamaru ta yi tata dokar a 1997, kuma masu zuwa Garwa da Marwa sun san masu gadin can da rawayar riga. A Nijar ma kamfanin gadi sai da izinin hukuma, bindiga kuwa ba wanda ke riƙe ta bisa ƙa'ida sai da takarda, maigadi ne ko makiyayi.

Wannan ya kawo mu kan abin da yake iya yi a ƙofa. Yana iya cewa sai ya duba jakarka ko bayan motarka kafin ka shiga. Kai kuma kana iya cewa ba ka yarda ba, ka juya ka tafi, shi ke nan, bai da ikon bin ka ya zazzage maka kaya da ƙarfi. Mace kuwa mace ce ke laluben ta. Ba aikinsa ba ne ya tambaye ka takardar duwan, ko ta rigakafin dabbobi, ko ya ƙwace maka katin ɗan ƙasa ya ce sai ka fanshe shi. Ba shi da ikon gitta itace a hanyar jama'a ya ce a biya kafin a wuce, kuma duk wanda ya yi haka ya san sunan abin da yake yi.

Yanzu sai maganar ƙarfi, wadda ita ce tushen shirinmu na yau. Doka ba ta ce maigadi ya naɗe hannu a kashe shi ba. Kare kai halal ne ga kowa, a dokar Final Kod ta Arewacin Najeriya da ake aiki da ita tun 1960, da dokokin ƙasashenmu masu bin tsarin Faransa, da shari'ar Musulunci. Mutum yana iya kare ransa, da ran wani, da dukiya. Amma alƙali ba ya tsayawa a kan kalmar nan ta “kare kaina na yi”. Zai tambaya, a lokacin da ka ɗaga kulkin, akwai wata dabara da ta rage maka? Ka haska cocila? Ka yi magana? Ka busa usur? Kana iya rufe ƙofa ka kira hukuma? Final Kod ta faɗa a fili cewa idan da sararin neman hukuma, to babu hujjar ɗaukar mataki da hannunka. Sannan zai auna abin da aka zo maka da shi da abin da ka mayar. Wanda ya zage ka ba a fasa masa kai. Wanda ya ture ka da hannu ba a sare shi da adda. Dokar ta ce kada cutar da za ka yi ta wuce gwargwadon abin da zai tsayar da harin.

Abu na uku shi ne wanda ya fi kai masu gadi kaso, wato lokaci. Kare kai yana nan ne muddin harin yana nan. Ɓarawo ya yar da kaya ya ruga, hari ya ƙare. Ya faɗi ƙasa ya ɗaga hannu, hari ya ƙare. Duk bugun da ya biyo baya ramuwa ce, ramuwa kuwa ba ta cikin abin da doka ta yafe. Likita idan ya duba rauni yana gane na gaba da na baya. Kibiya ko sara a gadon baya yana nuna mutum gudu yake yi, kuma wannan shaidar ba ta bukatar tafinta.

Sai dai kar in ɓoye maka ɗaya gefen, kai makiyayi, don da ranka ake magana. Dokokin nan duka sun yi wa mai gida sassauci idan dare ne. Wanda ya haura katangar gidan da mutane ke kwana a ciki da tsakar dare, ko ya fasa ƙofa, ko ya zo da makami don fashi, ko ya zo cinna wuta, doka tana ɗaukar cewa mai tsaron gidan yana da dalilin jin tsoron ransa. Saboda haka in tunkiyarka ta faɗa cikin shingen wani da dare, don Allah kar ka haura. Tsaya a ƙofa ka yi sallama da ƙarfi, ko ka haƙura sai gari ya waye ka zo da wani babba. Maigadi a cikin duhu ba ya ganin tunkiya, inuwar mutum yake gani tana durowa. Haka kuma sandar nan taka. A wurinka abokiyar tafiya ce, da ita kake kora, da ita kake dogarawa, kan kafaɗa take kwana. A idon wanda bai taɓa kiwo ba makami ce. Idan gardama ta tashi, sauke ta ƙasa, takobi ko wuƙa kuma su zauna cikin kube. Ranar da ka ɗaga sanda sama, ka ba shi hujjar da dā bai da ita.

Akwai kuma matsalar harshe, da ba kowa ke lura da ita ba. An ɗauko maigadi daga nesa, ba ya jin Fulatanci, ba ya jin Buzanci, wani ko Hausar ma kame-kame yake. Yaron da ke bin shanu shi kuma bai jin Faransanci ko Turanci. Sai maigadi ya ce ai na yi masa gargaɗi har sau uku bai tsaya ba. Gargaɗin da ba a fahimta ba, ihu ne kawai. Ni a ganina duk kamfanin da zai kafa shinge kusa da burtali, wajibinsa ne ya ɗauki aƙalla mutum ɗaya ɗan yankin, ya kuma je ya gaida arɗo da maigari tun kafin a kafa turken farko.

To, a ce an kama mutum dumu-dumu yana sata. Doka ta yarda kowane mutum, ba maigadi kaɗai ba, ya riƙe wanda ya gani yana aikata laifi. A Najeriya dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗi haka, jihohi da yawa kuma sun yi tasu irinta. A tsarin Faransa ma haka ne idan laifin a bainar ido aka yi shi. Amma sharaɗin ɗaya ne ko'ina: a miƙa shi ga ƴan sanda ko jandarma ba da ɓata lokaci ba. Riƙewa aka ce, ba hukunci ba. Maigadi ba ya tuhuma, ba ya bulala don a faɗi inda sauran kaya suke, ba ya aske kai, ba ya tuɓe mutum a zaga da shi kasuwa, ba ya yanka tara ya ce iyaye su kawo jikka ashirin kafin a kwance igiya. Ɗakin ajiya ba kaso ba ne. Najeriya ta yi dokar hana azabtarwa a 2017, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 25.

Daga nan ne nauyin kulawa yake farawa, kuma nan ne na fi son mu daɗe. Mutanenmu suna ganin aikin maigadi kaya ne kawai, buhu nawa aka bar masa, buhu nawa aka tarar. A'a. Tun daga lokacin da ka riƙe mutum ka hana shi tafiya, ransa ya hau wuyanka, domin ka hana shi nema wa kansa ruwa da inuwa da magani. In yana jin ƙishirwa kai za ka ba shi. In jini yana zuba kai za ka ɗaure, ka nemi abin hawa zuwa likita, ko da kai ne ka ji masa raunin, ko da shi ne ya fara. In ɗauri ya zama dole don yana ta kai duka, to a sassauta, kar igiya ta tsayar da jini, kar a ɗaure a rana, kuma da ya natsu a kwance. In yaro ne a nemi iyayensa nan take. Mai farfaɗiya, mai ciwon sukari, mai taɓin hankali da ya shigo wuri bai san inda yake ba, duk suna faɗowa hannun masu gadi, kuma da yawansu ba su iya bayanin kansu.

A ƙasashenmu masu bin tsarin Faransa akwai wani laifi da mutane ba su cika sani ba, shi ne ka ga mutum cikin haɗari, kana da halin taimakonsa ba tare da ka jefa kanka cikin haɗari ba, ka ƙi. Wannan ya hau kan maigadi, ya hau kan mai sito, ya hau kan mai wucewa irina ranar nan. A Najeriya kuma tun 2017 doka ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar ƴan sanda ba. Na faɗi wannan ne don tsoron “za a ce ni ne” ya sa an bar mutane da yawa kwance har rai ya yi halinsa.

Mafi wuyar nauyin shi ne tsare wanda ka kama daga jama'a. Kun san yadda kasuwa take. Kalmar “ɓarawo” ɗaya ta isa, kafin ka ƙifta ido an taru da duwatsu da faskare, wani har ya tafi neman taya da fetur. Maigadin da ya san aikinsa ba ya yin wannan kururuwar in ya riga ya riƙe mutum. Shigar da shi ciki yake yi, ya rufe ƙofa, ya tsaya a bakinta, ya kira hukuma. Ba mu manta da Uromi ba, a jihar Edo, ƙarshen watan Maris na 2025, inda ƴan banga suka tsayar da motar mafarauta ƴan Arewa masu komawa gida hutun Salla, aka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwa, jama'a suka kashe mutum 16. Can ƴan banga ne ba masu gadin kamfani ba, amma hanyar da abin ya bi ita ce dai: wanda ya tsayar da mutane ya kasa tsare su, ko bai yi niyya ba. Ku da kuke kwana a hanya, garin da ba a san ku ba, kun fi kowa sanin cewa baƙo ne ake fara zargi.

Wani zai ce, wai duk wannan ƙa'idar daga ina ta fito? Wani sashe tsoho ne, yana cikin dokokinmu tun kafin a haife mu. Wani sashe kuma duniya ta tsara shi ne bayan ta ga abin da kamfanonin tsaro masu bindiga suka yi a wuraren yaƙi. Ranar 16 ga Satumba 2007, ma'aikatan wani kamfanin Amurka mai suna Blackwater suka buɗe wuta a dandalin Nisur da ke Bagadaza, suka kashe ƴan Iraƙi fararen hula 17. An daɗe ana shari'a a Amurka, aka ɗaure huɗu daga cikinsu, sannan Shugaba Trump ya yi musu afuwa a Disamba 2020. Shekara ɗaya bayan kisan, a 2008, ƙasar Suwizalan da ƙungiyar Red Cross suka jagoranci wata takarda a garin Montreux kan nauyin da ke kan gwamnatoci game da irin waɗannan kamfanoni. A Nuwamba 2010 kuma kamfanonin da kansu suka sa hannu a Janeba kan ƙa'idar aiki. Abin da ke ciki bai yi nisa da abin da muka faɗa ba: a guji ƙarfi iyakar iyawa, in ya zama dole kar ya wuce gwargwado, bindiga kuwa sai in rai ne ke cikin haɗari nan take, wanda aka riƙe a miƙa shi ga hukuma da wuri, kuma kamfani ya buɗe ƙofar da wanda aka zalunta zai kawo kuka.

Gaskiya ita ce wannan ƙa'ida ta ganin dama ce, ba ta ɗaure kowa, kuma ƙaramin kamfanin gadi na Ƙonni ko Jibiya watakila bai taɓa jin labarinta ba. Amfaninta gare ku yana wajen manyan ayyuka, irin su haƙar ma'adinai, da matatar mai, da bututun man da ya taso daga Agadem ya bi kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, da ma'aikatun ƙungiyoyin agaji. Irin waɗannan wurare suna ratsa ƙasar kiwo, suna ɗaukar masu gadi da yawa, kuma suna jin kunyar a ambaci sunansu a duniya. Shugabannin makiyaya suna da damar zuwa su tambaya: wace ƙa'ida masu gadinku ke bi, wa za mu gani in an yi mana ba daidai ba?

Mu dawo kan dabba, don na san nan ne zuciyarku take. Shanu sun karya waya sun shiga gona ko filin kamfani. Maigadi yana da ikon kore su, yana da ikon tsare su har a zo a ga ɓarna. Ba shi da ikon sare musu agara, ko harbinsu, ko zuba guba a ruwa, ko yanka ɗaya ya ce ladan wahalarsa ne, ko kai su kara ya sayar. Raunata dabbar wani da gangan laifi ne mai zaman kansa a ɓangarorin iyaka biyu. In ya tsare su, ruwa da abincinsu suna wuyansa, kamar yadda muka faɗa game da mutum. A Nijar, dokar kiwo ta 2010 da tsarin dokokin karkara na 1993 sun shimfiɗa hanya: dabbar da aka kama wurin tsare dabbobi na hukuma ake kai ta, a auna ɓarna, a fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya, a rubuta takarda, in abin ya gagara sannan a je gaban alƙali. Ƴan Kofo, wato hukumar filaye, su ne suka san inda burtali ya bi. Kai kuma in dabbarka ta yi ɓarna, ka biya. Kar ka tsinke waya da dare ka kwashe su, domin ka mai da ƙaramar magana babba, ka kuma ɓata wa na bayanka hanya. In shingen ne ya hau kan burtali, wannan ƙara ce da ake kaiwa da rana, da shaidu.

Yanzu kai Alhaji mai sito, kai Hajiya mai shago, ku matso, don ku ne masu ɗaukar gadi. Dokar ƙasashen nan duka ta yarda cewa ɓarnar da ma'aikaci ya yi a cikin aikinsa, ana iya bin maigidansa diyyarta. In kuwa da bakinka ka ce masa “duk wanda ka kama karya shi, ni zan tsaya maka”, to ka zama abokin laifi, kuma ranar da abin ya faru za ka ga ba ka iya tsaya wa kanka ma. Haka in ka ja wayar lantarki a katanga ba alama, ko ka saki karnuka inda yara ke bi zuwa rijiya, ko ka haƙa rami ka bar shi buɗe a bakin hanyar dabbobi. Tsare dukiya bai ba ka damar ɗana wa mutane tarko ba.

Shi ma maigadin yana da hakki a kanka, kuma wannan ba a cika faɗa ba. Su wa ne masu gadin nan? Ƴaƴanmu ne. Je Kano, je Legas, je Abuja, je Kwatano, ka ga ƴan Tawa da Agadas da Damagaram nawa ne ke kwana a ƙofar gidajen mutane. Da yawansu makiyaya ne da fari ya cinye musu dabbobi. An ba mutum gora da kujera, an ce ya kwana ido biyu daga magariba zuwa safe, kwana bakwai a mako, ba cocilar kirki, ba kuɗin kira a waya, ba lambar wanda zai kira, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce in kaza ya faru yi kaza. Ga albashi sai an ga dama, ga sharaɗin cewa duk abin da ya ɓace daga kuɗinsa za a cire. Mutumin da aka yi wa haka tsoro biyu ne a cikinsa, na ɓarawo da na maigida, kuma mai tsoro shi ke wuce gona da iri. In kana son gadi na gaskiya, ka sa fitila a wurin, ka ba shi usur da waya, ka haɗa shi da ofishin ƴan sanda ko jandarma mafi kusa, ka ba shi ranar hutu, ka kuma gaya masa da bakinka cewa ransa ya fi kayan. In ƴan fashi suka zo da bindiga, ba a neman mai gora ya tare su. Ya tsira, ya kira, ya riƙe abin da ya gani.

Kai kuma da ɗanka ko ƙanenka yake shirin tafiya gadi bayan kaka, ka karanta masa wannan. In kamfani ne, ya tambaya ko suna da lasisi, ya nemi katin aiki. In aka miƙa masa bindiga a Najeriya aka ce ta gadi ce, kar ya karɓa, don ranar kamu shi za a tarar da ita a hannu.

Saura me za ka yi in an riga an yi maka. Kar ka rama, kar ka koma ruga ka tara samari. Fara da likita, ka nemi takardar da ta bayyana raunin a ranar, domin rauni yana warkewa, takarda tana nan. Riƙe sunan kamfanin da ke jikin rigar, da ranar, da lokacin, da mutum biyu da suka gani. In dabba ce, a ɗauki hotonta da waya kafin a yanka, a kira malamin dabbobi ya rubuta abin da ya gani, a ajiye fatar in da hali. Sannan ka kai ƙara inda abin ya faru, ba inda ka fito ba. Wanda aka buga a Illela, a Najeriya zai yi ƙara ko da ɗan Ƙonni ne, wanda aka buga a Ɗan Isa kuma a Nijar ko da ɗan Jibiya ne. Zama baƙo bai rage maka hakki ba. A Najeriya, bayan ƴan sanda, ana kai kukan kamfanin gadi ofishin Sibil Difens, tun da su ke riƙe da lasisinsa, ƴan Nijar kuma suna da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano. Kar ka je kai kaɗai. Tafi da arɗo, ko sarkin tike, ko wakilin ƙungiyarku, AREN ce ko Miyetti Allah ko ta ƴan kasuwa, wanda ya iya harshen ofis.

In an nemi sulhu, ba laifi, sulhu ya fi saurin kawo kuɗin magani. Amma a yi shi gaban maigari ko sarki, a rubuta abin da aka amince, kowa ya riƙe kwafinsa, kuma kar ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshenka ba. In rai ne ya salwanta, wannan ya wuce sulhun bayan sito, dole hukuma ta sani.

Lokaci ya cimma mana. Masu tambaya a kan wani abin da ya same su, su aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni, ba sai sun faɗi suna ba. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum.